Garin Kawu Nomau da Ba Shi da Mai Gari

Asuba ta same mu muna ɗora wa jakuna mangala, ana idar da salla muka kama hanyar Tasawa. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mai sayar da taba, da mijin ƙanwata, mutum mai jiki, wanda ya ce zai bi mu ya sayo kanwa, amma tun kafin hantsi ya fara tambayar ko da sauran nisa. Tun da na dawo kuke tare ni a ƙofar masallaci da bakin rijiya kuna tambayar ina Kawu Nomau. To ga labarin gaba ɗaya, in faɗe shi sau ɗaya in huta.

Matasan cikinku ba su san shi ba. Ƙanen Inna mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ɗan saurayi aka yi wata shekarar fari, basaraken da ke riƙe da yankinmu a lokacin ya aiko aka buɗe rumbunan mutane. Kawu ya tsaya a bakin nasa ya ce ba a taɓawa. Aka sa shi a turu a tsakiyar gari, rana ta yini tana dukansa, mutane na wucewa suna kau da kai. Da aka sake shi bai yi wa kowa faɗa ba. Ya bi gida gida, ya samu waɗanda suka yarda, suka yi arewa suka sari daji a bayan Mayahi. Suka haƙa rijiya, suka sa wa wurin suna Rijiyar Kowa. Bai sake tako ƙauyen nan ba. Bana da idon Inna ya fara dushewa, ta kira ni ta ce in je in ɗauko mata ƙanenta kafin ruwa ya sauka, tana so ta ga fuskarsa tun tana iya bambanta fuska da bango.

A Tasawa muka fara yada zango. Kasuwa ta cika, amma irin cikar bazara: mutane da yawa, hatsi kaɗan. Ƙwaryar da a kaka ake tura maka kamar kyauta, yanzu sai mai ita ta dube ka sama da ƙasa kafin ta faɗi kuɗinta. Gishiri da kanwa ne suke da sauƙi, don ayarin Buzaye bai daɗe da saukowa ba. A rumfar mahauta ana ta hirar wasu fararen mutane da aka ce sun bayyana can wajen babban kogi, wani ya ce suna da wutsiya, wani ya ce ƙarya ne, dokinsu ne ke da ita. Muka sauka gidan wani tsohon bafade, abokin mahaifina. Da ya ji inda za mu, ya yi dariya har ya ƙware da fura. A ganinsa gari babu mai gari garken awaki ne. Ya ce mana ai ko sarki ba sakaka yake ba, akwai manyan fada da suka zaɓe shi, su ke riƙe da linzaminsa, in ya wuce gona da iri suna iya zame masa su bar shi shi kaɗai. Maƙwabcina, wanda bakinsa bai da ƙofa, ya tambaye shi to su manyan fadan wa ke riƙe da nasu linzamin. Tsohon ya dube shi, ya tura masa ludayi, ya ce ya sha fura kafin ta tsinke.

Daga Tasawa muka yi yamma maso arewa. Hanyar rairayi ce zalla, ƙafa ta nutse, jaki ya nutse, ga ƙarangiya tana kama bakin wando kamar tana da magana da kai. Da rana ta take sai mu nemi gindin gawo, don shi kaɗai ne ke da ganye a wannan lokaci, sauran itatuwa duk sun tuɓe. Mijin ƙanwata ya daɗe yana jin ana cewa Gulbin Kaba, har ya yi niyyar yin wanka in mun isa. Da muka gangara ya ga babu ko ɗigon ruwa, sai farin yashi da goruba iya ganinka, ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce wanda ya sa wa wurin nan suna gulbi zai yi bayani ranar lahira. Mun dai ci goruba har haƙoranmu suka yi tsami.

A cikin kwarin muka ci karo da zangon wasu Buzaye masu kiwo, suna jin Hausa kamar mu. Muka ba su taba, suka ba mu cuku mai tauri, wanda sai ka jiƙa shi a baki kafin ya yarda. Dattijonsu ya san Rijiyar Kowa, suna shayar da dabbobi a can. Ya ce mutanen kirki ne, amma sun yi kuskure ɗaya: sun gina rumbu. Su a wurinsu, in shugaba ya fara nauyi a wuya, sai ka naɗe bukkarka ka ɗora wa raƙumi, gari ya waye bai ga kowa ba. Mai rumbu fa ina zai kai rumbunsa? Shi ne kuma ya fara gaya mana mahara sun taɓa garin a cikin sanyin da ya wuce. Daga nan dariya ta ragu a tafiyarmu. Bayan Mayahi muka wuce wata tunga da aka ƙone, tukwane a kife, turmi ɗaya a tsaye rabinsa gawayi. Muka ƙara wa jakuna sauri.

Da la'asar muka shiga Rijiyar Kowa. Gari ne ɗan madaidaici, an kewaye shi da shingen ƙaya, gidajen zana a tsaftace, babu wanda ya fi wani tsayi. Muka yi sallama ga matan da ke jan ruwa, kuma bisa al'ada na tambayi gidan mai gari, don mu kai gaisuwa a ba mu masauki. Wata ta ajiye guga ta ce, "Duk gidan da kunka ga hayaƙi, shi ne gidan mai gari. Ku shiga." Sauran suka yi dariya, amma gajeriya.

Na sami Kawu yana tufkar igiya a inuwar rumbu. Ya tsufa, gemu fari fat, ya rame, sai dai idon nan yana nan yadda na san shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce na ɗauko goshin Yaya, wato Inna. Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka kawo ruwa. Na isar da saƙon Inna tun a zaman farko. Ya ce in bari tukuna, na zo a kan gaɓa, garin na da magana a gabansa.

A ƴan kwanakin da muka yi na ga yadda suke zaune, kuma zan faɗi gaskiya, na yi mamaki. Ba mai ba da umarni. Duk abin da ya taso, magidanta su taru a gindin wani babban gawo, kowa ya faɗi nasa, kuma ba a zartar da magana sai babu mai cewa a'a ko mutum ɗaya. Akwai rumbun kowa a tsakiyar gari, kowane gida na zuba dami a kaka gwargwadon ƙarfinsa, wanda gonarsa ta ƙi ko gwauruwa ta ɗiba ba tare da ta durƙusa wa kowa ba. Babu turu, babu bulala. Wanda ya ƙi fitowa yasar rijiya ba a dukansa, sai dai ranar gayyar gonarsa ya tarar da shi kaɗai da hauyarsa. Sun ce ba a cika maimaitawa ba. Amma fa akwai jan rai. Inda za a ɗaure jakunanmu kaɗai sai da mutum huɗu suka yi shawara, har jakunan suka gaji suka kwanta inda suke.

Wanda na fi ɗokin gani shi ne Shipkau, babban ɗan Kawu. Taubashina ne, tare muka yi ƙuruciya, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na tare shi da wasa, na ce ga bawana ya zo gaishe da ubangidansa. Bai yi dariya ba. Daga baya ya ja ni bayan gari ya nuna mani wurin da abin ya faru. Da hantsi ne, matarsa da ɗiyarsa da wasu mata sun fita sussukar hatsi, mahara a kan dawaki suka kwashe su. Maza suka taru a gindin gawo da kwari da baka. Wasu suka ce a bi sawu yanzu, wasu suka ce tarko ne, in an fita za a dawo a ƙone garin. Waɗanda suka yarda a bi suka kasa daidaitawa a kan wa zai ja gaba. Kafin bakinsu ya zo ɗaya rana ta karkata. Shipkau da mutum kaɗan suka bi a ƙafa, suka tarar da toka mai sanyi da kashin dawaki.

"Kowa ya hwaɗi ra'ayinai ranar nan," in ji shi. "Ba wanda anka hana magana. Ɗiyata kuwa tana bisa doki tana kirana."

Abin da ya yi bayan haka shi ne maganar da ke gaban garin. Ya je wurin wani basarake mai dawaki da bindigogi a kudu da su. Basaraken ya ce zai sa garin a ƙarƙashin inuwarsa, zai kuma aika a bincika kasuwannin da ake kai bayi a nemi fansar matan. Abin da yake so shi ne a naɗa mai gari da rawaninsa, a riƙa kai masa hatsi duk kaka. Jakadansa ma ya riga mu isowa, yana zaune a wani gida da rawanin a cikin jaka, yana cin tuwon mutane yana jira.

Ranar taron aka ba ni gefen tabarma a matsayin baƙo. Tun da nake ban taɓa jin talakawa suna maganar sarauta da babbar murya haka ba, har na riƙa waiwaye. Wani maharbi da ake kira Mantau ya ce shi ko wannan taron ma ya ishe shi, taro shi ne ƙaramin sarki, kowa ya riƙe bakansa ya tsare gidansa, in wuri ya ɓaci a ƙara gaba, daji bai ƙare ba. Limaminsu, Malam Issufu, ya ce mulki na Allah ne, ba su bukatar kowa sai abin da littafi ya ce. Wani daga baya ya ce to ai littafin mutum ɗaya ne ke iya karanta shi a garin nan. Aka yi ƴar dariya, har shi Malam ɗin. Shipkau bai yi doguwar magana ba. Ya kira sunayen matan da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya, ya zauna.

Sai wata tsohuwa, Iya Kulu, wadda ke kawo maganar mata wurin taro, ta matso da sandarta. Jikarta na cikin waɗanda aka tafi da su. Ta ce ita ba ta son rawanin waje, kuma ba ta son a sake yin ranar da aka yi. A zaɓi mutum ɗaya a cikinsu wanda in an yi kururuwa maganarsa ce kawai za a bi, ba shawara, ba musu. In ƙura ta lafa ya koma gonarsa kamar kowa. Kada ya taɓa rumbu, kada ya yi shari'a shi kaɗai, kada ya daki ɗan kowa, kada ɗansa ya gaje shi. Duk kaka a zauna a gindin gawon nan, in an ga ya fara kumbura a sauke shi. Basarake kuma a kai masa hatsi a matsayin ladan dawakinsa, kamar yadda ake biyan makiyayi, ba don ya mallake su ba.

Wallahi na ga maganar ta shiga mutane. Kawuna suka fara gyaɗawa. Malam ya ce bai ga haram a ciki ba. Mantau ya tofar da yawu ya ce zai gwada shekara ɗaya. Shipkau ya ce in dai za a nemo masa iyalinsa, ya yarda ko ba shi aka zaɓa ba. Aka juya ga Kawu.

Ya miƙe da ƙyar. Ya ce shi ya san basaraken da ya sa shi a turu tun kakansa, kuma kakan nan ba da rawani ya fara ba, da kururuwa ya fara, mutum ne da aka ce a bi maganarsa ranar yaƙi kawai. "Wanda kunka ba sanda don kura, in kura ta ƙare ba shi aje sandar. Sai shi nemo wata kura. Ni ban yarda ba."

Iya Kulu ta ce, "Nomau, kai ma yau sarki kake. Mu duka mun ce i, kai ɗaya ka ce a'a, kuma taka za a bi."

Ya ce, "Ni ban tilasta kowa ba, Kulu. Cewa na yi kar a tilasta ni."

Aka yi ta juya maganar har rana ta take, bai motsa ba. Wasu suka ce a aika a tambayi jakadan ko ubangidansa zai karɓi hatsi ba tare da naɗi ba, ko hakan zai sassauta wa Kawu. Jakadan ya zo yana sakace, ya saurara, ya ce shi dai an aiko shi da rawani, ba a aiko shi da sharaɗi ba. Wanda ya naɗa mai gari, shi kaɗai ke sauke shi. In suna so ga shi, in ba sa so zai koma da shi gobe, dawakin kuma suna da wasu garuruwan da za su tsare. Da garin ya tsaya a kan magana ɗaya, mai yiwuwa a sake aikawa a yi ciniki, don basaraken ma yana son hatsin. Amma jakadan ya riga ya ga bakinsu a rabe. Shipkau ya tashi ya ce shi ba zai jira wata kaka ba. Duk mai bin sa a karɓi rawanin ya tashi. Fiye da rabin tabarmar ta miƙe.

Washegari da safe aka buɗe rumbun kowa aka raba dammunan gida gida, da masu zama da masu tafiya. Ba a yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Mutanen da suka haƙa rijiya ɗaya da hannuwansu suna miƙa wa juna dami cikin ladabi kamar baƙi. Gidaje kaɗan ne suka ce za su bi Kawu da Mantau su ƙara arewa. Iya Kulu ta zauna, ta ce ƙafarta ba ta da sauran daji, kuma in Allah ya dawo da jikarta, nan za ta nufo. Da azahar jakadan ya naɗa wa Shipkau rawani. Ya yi masa yawa, sai da aka ƙara zagaye. Na ga mutum na farko ya tuɓe takalmi ya durƙusa, wani tsoho ne da ya goyi Shipkau yana jariri. Shipkau ya kau da fuska.

Na sami Kawu yana ɗaure tabarmi. Na ce masa yanzu kam babu abin da ya riƙe shi, ya zo mu tafi gida, Inna na jira, ya ƙare kwanakinsa a cikin danginsa. Ya tambaye ni wa ke riƙe da yankinmu yanzu. Na ce ɗan wancan da ya sa shi a turu ne. Ya ce in ya shiga gari dole a kai shi gaisuwa. Na ce sai mu bi ta bayan gari, ya ga Inna, ya kwana biyu a ɗaki, ba wanda zai sani.

"In shiga gidan Yaya kamar ɓarawo?" Ya girgiza kai. "Ka ce mata na ji kiranta. Ka ce mata ban ƙi ta ba. Gwiwar ce ba ta lanƙwasuwa."

Na yi roƙo iya roƙo, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce ya rasa garinsa, ya rasa ɗansa, yanzu zai rasa yayarsa, duk a kan gwiwa. Bai yi fushi ba. Ya ce mai yiwuwa ina da gaskiya, ya ci gaba da ɗaurin tabarmarsa. Da za su tashi Shipkau ya zo, ya cire rawanin ya riƙe a hannu, ya durƙusa a gaban ubansa. Kawu ya dafa kansa ya ce Allah ya dawo masa da iyalinsa, Allah ya sa ya iya ajiye abin nan in ranar ta zo. Muka raka su har bayan shinge. Tsoho ne mai tafiya a hankali, mun daɗe muna hangen farar hularsa a cikin sabara.

Dawowa ba mu yi hira sosai ba. Mijin ƙanwata ya samu kanwarsa a Mayahi da araha, amma ko ciniki bai ja ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas tun muna Gulbin Kaba, muka riƙa haɗuwa da manoma suna gyaran gona. Ba mu tsaya a Tasawa ba sai don shayar da jakuna. A ƙofar garinmu muka tarar da yaran basarakenmu a zaune, na sauka, na tuɓe takalmi, na durƙusa na yi gaisuwa yadda na saba tun ina yaro. Ban taɓa jin nauyin abin ba sai ran nan.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta. Ta saurari takun da ke shigowa, ta ji na mutum ɗaya ne. Ba ta tambaye ni dalili ba. Na faɗa mata komai, har saƙonsa. Sai ta tambaye ni ko yana cin abinci sosai, ko akwai mai dafa masa a inda za shi. Na ce akwai. Ta ce tun yana ƙarami ko uwarsu ba ta iya aikensa sai ta ce don Allah. Ta juya fuskarta wajen arewa ta yi masa addu'a, ta ce in shigar da ita ciki, iska ta taso.

Kuna tambayata wa ke da gaskiya. Na juya abin a hanya har na gaji. Na ga garin da babu mai taka wani, na kuma ga filin sussuka inda aka kwashe mata ana cikin shawara. Kawu bai yi ƙarya ba a kan sanda, Shipkau bai yi ƙarya ba a kan ɗiyarsa. Abin da na koyo shi ne, mutane suna iya zama ba mai gari su yi shekaru cikin mutunci, na gani da idona, ba wanda zai sake ce mini garken awaki ne. Amma ranar tsoro tana zuwa, kuma in ba ku shirya wa wanda za ku bi da igiyar da za ku ɗaure shi ba tun kuna cikin natsuwa, wani zai kawo muku nasa a jaka, babu igiya. Iya Kulu ta kawo maganar da za ta riƙe garin, ta makara da sanyi ɗaya, ta kuma rasa bakin mutum ɗaya. Mutumin nan kawuna ne, ina ƙaunarsa, kuma har yanzu ina jin haushinsa.

Ruwa ya sauka, hanyar arewa sai kaka. Ban san inda suka yada zango ba, ban san ko an samo matan ba. Jiya na shiga gaishe da Inna da rana tsaka, ta ɗaga kai ta ce wane ne.